Shekara 41 na fara koyon takobin eskirim, in ci gaba da leson ko in bari?

Baban Nana:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika min ciki shi ya sa. Shekarata 41, aikin buro nake nan Yamai, kuma wata takwas ke nan da na fara zuwa eskirim, wasan takobin nan da ake yi a gasar Olamfik, cikin kala ukun da ake da su sabur na ɗauka. Talata da Alhamis bayan la'asar muna antirenma gaba ɗaya, sai Asabar da safe ina biyan metir, wato malamin da ke koya mana, daban ya ba ni leson ni kaɗai na minti 20. Wallahi ban taɓa fashi ba sai sau biyu, ranar sunan ɗan ƙanena da ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. To jiya Alhamis aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 15, ya ci ni 15 da 3, kuma ukun ma biyu shi ne ya yi kuskure. Na koma gida kafaɗar dama tana zogi, gwiwa tana zogi, na kwanta ina tunanin kuɗin leson ɗin nan da nake cirewa cikin kuɗin cefane ko yana da amfani, ko dai in bar shi in riƙa zuwa ina karawa da mutane kawai tunda ba gasa zan je ba. Ina son abin nan har raina, shi ya sa nake tambaya. Wanda ya san kan abin don Allah ya ce wani abu.

Ɗan Ader:
Wa alaikumus salam. Malam tsaya tukuna, takobi na gaske kuka sara ma juna ko mi? Ni hwa nan Tawa takobin da munka sani biyu ne, na Buzaye da suka ratayawa da wanda aka ba sarkin kokowa

Auta:
Yaya Ɗan Ader ba ya da kaifi ko kaɗan, bakin ma an naɗe shi ya zama ɗan dunƙule. Duka nauyinsa ba ya wuce giram 500, tsawo kuma santimita 105 ne iyaka har da mariƙi, yana lanƙwasa kamar tsumagiya. Kuma akwai mask na waya a fuska da riga mai kauri da safar hannu. A sabur daga ƙugu zuwa sama ne ake ci, kai da hannuwa da ƙirji da baya, banda tafin hannu, kuma ko da gefen ƙarfen ka taɓa ko da bakin duk an ci. Sauran biyun, fulore da epe, sai da tsini kawai. Ni shekarata huɗu ina yi.

Alhaji Mai Kanti:
Baban Nana gaskiya zan faɗa maka tsakani da Allah tunda ka tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In lafiyar jiki kake nema ga filin Seyni Kunce nan, kullum da asuba mutane sa'anninka suna zagaye shi ba dala ba sisi, ka yi zufa ka koma gida. Kuɗin nan ka sa Nana ita ta koya in kana son wasan a gidanka. Kai mai iyali ne, in gwiwar nan ta tashi aiki wa zai riƙe gidan?

Baban Nana:
Alhaji na gode, kuma maganar gwiwa gaskiya ce ita ma tana cikin abin da ya hana ni barci. Amma zagayen fili na gwada shi shekara biyu da suka wuce, sati uku na yi na daina, don ba abin da ke jawo ni. Wannan kuwa tun Litinin nake ƙosawa Talata ta yi. In na sa mask ɗin nan metir ya ce an gard, wato a tsaya cikin shiri, duk wata takarda da na baro a buro da bashin da ake bina ba na tuna ko ɗaya, don in ka yi tunanin wani abu na ƙiftawar ido ɗaya an sare ka a ka. Ban samu wannan a wani wuri ba.

Maman Ilham:
Sannu Baban Nana. Ni na fara ina da 34, yanzu shekara biyu da rabi, ƴaƴana uku, don haka na san wannan daren da ka kwana. Bari in tambaye ka abu ɗaya kafin in ce komai, sha biyar ɗin da yaron ya ci, ta ina ya riƙa cin ka? Shi ke kawo hari ko kai kake kai wa ya mayar maka?

Baban Nana:
Hajiya yawanci ni ne nake kai wa. Da an ce ale, wato a fara, sai in yi gaba da ƙarfi in yi fant, wato in jefa ƙafar gaba da dogon taki, in kai sara a kai, sai in ga takobina ya sari iska, shi ya ɗan ja baya taki ɗaya kawai, kafin in ɗago ya ɗora min a mask. Sau wajen takwas haka. Har na fara jin ƙarar ƙarfen a kunnena tun kafin ya sauka.

Maman Ilham:
To ai ka ga ba ƙarfi ya fi ka ba kuma ba shekaru ba ne, tazara ce. Ya karanta tsawon fant ɗinka tun tush na biyu, wato ci na biyu, ya san inda takobinka ke ƙarewa, sai ya tsaya bayan wurin da ɗan yatsa. Kuma ka san dokar piriyorite, wanda ya fara kai hari shi ke da haƙƙi, amma da harin ya faɗi a banza ko aka kare shi haƙƙin ya koma wurin ɗayan, ko fitila biyu ta na'urar nuna ci ta kama ja da kore alƙali shi zai ba. Wato kai da kanka kake miƙa masa haƙƙin a faranti duk lokacin da ka yi fant daga nesa. Wannan abin kuwa in ka yi ta karawa shekara goma ba wanda zai gyara maka shi, sai dai ka ƙara ƙwarewa a kuskuren, leson ne wurin gyaransa don metir yana iya tsayar da kai a tsakiyar motsi ya ce dubi ƙafarka, abokin karawa ba zai tsaya ba shi ci yake nema. Kar ka bar leson. In kuɗi ne matsalar ka mayar da shi sati biyu sau ɗaya amma kar ka yanke.

Auta:
Anti ki yi haƙuri ni ban yarda duka ba. Akwai manya a sal ɗinmu, ɗakin da muke wasan, da in kin ga suna leson sai ki ce zakaru ne, hannu tsaf ƙafa tsaf, amma da an sa su kan pisti, filin karawa, da mutum na gaske sai su daskare, saboda metir yana buɗe maka ƙofa ne da gangan ya ce shigo, abokin gaba kuwa ƙarya yake maka da jiki. Baba Baban Nana wata takwas kawai ya yi, karawa nawa ya yi duka? Yaron nan wataƙila ya yi dubu. Ni a ganina ya ƙara yawan karawa ya sha duka sosai ido ya buɗe

Maman Ilham:
Ƙanena kai ka fara kana da 15, jikinka yana ɗaukar abu da gani kawai. Mu da muka fara da girma ba haka muke ba, sai an faɗa mana dalili kai ya gane sannan jiki ya bi a hankali. Kuma mu ba mu da jikin shan duka dubu, in ya yi ta fant a karkace sau dubu gwiwar ce za ta biya. Ban ce kar ya kara ba, na ce kar ya bar mai gyara masa.

Auta:
Wannan kuma gaskiya ne Anti, maganar gwiwa ban yi tunaninta ba

Tsohon Mushe:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa riƙe sabur ba, amma shekara talatin na yi ina koyar da wasanni a lekol kafin in yi ritaya, kuma na zauna na kalli masu eskirim suna antirenma ba sau ɗaya ba. Ɗana Baban Nana, abu biyu ka faɗa da suka tsaya min, kafaɗa da gwiwa. Takobin da bai wuce rabin kilo ba bai kamata ya sa kafaɗa zogi ba, in tana zogi to da kafaɗa kake sara, irin saran adda ko gatari da muka tashi da shi, a ɗaga sama a sauke da ƙarfi. Duk wanda ya yi noma ko faskare yana yaro haka hannunsa ya saba. Su kuwa da na lura da su hannu suke miƙewa gaba, babban yatsa yana kwance a bayan mariƙi, yatsu ne ke ƙarasa saran kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Gwiwa kuma ka duba in ka yi fant, gwiwar gaba tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo ko tana faɗawa ciki? In tana faɗawa ciki nan ciwon yake. Sannan mutum mai shekara arba'in ba ya sauka daga moto ya sa mask, ka ba jikinka minti goma sha biyar na ɗumi ko da an fara ba kai.

Abin da zan ƙara, kwana uku a sati da kake yi ya isa, kar ka ƙara. Amma sauran kwanakin ka ja layi da gawayi a tsakar gida, filin nasu mita 14 ne, kai ko mita biyar ka samu ya wadatar, bayan sallar asuba minti goma ka yi gaba ka yi baya a tsugunen nan nasu ba takobi ba komai. Kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya, wannan na gan shi a kan ɗalibai ɗaruruwa.

Baban Nana:
Baba Allah ya saka da alheri, kamar kana wurin. Metir kullum sai ya dafa min kafaɗa ya ce sake ta, sake ta, ni kuma ban gane me yake nufi ba sai yanzu da ka kawo maganar adda. A ƙauye na tashi, har na shiga kolej ina faskare.

Ɗan Ader:
To ni abin da ban gane ba, mi ya sa sai wasan Turawa? Mu da muke da kokowa, nan Tawa anka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har yau in lokacin ya zo gari duka shina tsayawa, ga dambe ga langa. Wanga abu ko magana sai da Faransanci, an gard, ale, alt. Ba raini ni kai ba Malam, tambaya ce

Baban Nana:
Ɗan uwa ban ɗauka raini ba. Ni ma in ana kokowar takobi ba na motsawa daga gaban tele, ranar da Isaka Isaka ke karawa ko abinci sai an kawo min nan. Amma ka faɗa min tsakani da Allah, mai shekara 41 da bai taɓa shiga fili ba zai iya fara kokowa yau? Kashi ɗaya za a yi masa a kai shi gida a kwance. Wannan kuwa an yi shi yadda babba zai iya farawa, a Faransa ma daga shekara 40 ake shiga rukunin da suke kira beteran, har masu saba'in suna gasarsu. Faransancin kuma ba mu kaɗai ba ne, ko a Koriya ko a Amurka aka yi gasar duniya da shi alƙali ke magana, tunda a Paris aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1913.

Auta:
Kuma yaya ba na Turawa kaɗai ba ne yanzu. A Olamfik na Paris 2024 ɗan Koriya ta Kudu Oh Sang-uk ne ya ci zinariya a sabur na maza, wanda ya kara da shi a ƙarshe kuwa ɗan Afirka ne, Fares Ferjani na Tunisiya, ya tafi da azurfa. Kai har tutar Nijar ta shiga wannan gasar, Evann Girault da sabur ya wakilce mu. Mu a sal a portabul ɗaya muka taru muna kallo

Ɗan Ader:
Allah? Ɗan Nijar? Wallahi ban sani ba, ni Alfaga kaɗai na sani da taekwondo a 2016 sai Isaka Dabore na dambe tun 1972. To madalla, na janye rabin maganata, rabi kuma sai na gani da ido

Hajiya Lazare:
Maman Ilham don Allah ke nake son tambaya, ɗiyata mai shekara 13 ta dame ni da wannan abu tun da ta gani a tele, babanta kuma ya ce shi bai yarda da wasan da za ta buɗe jiki ba. Yaya shigar take?

Maman Ilham:
Hajiya ki gaya masa ya kwantar da hankali, cikin duk wasannin da na sani babu mai rufe jiki irin wannan, daga wuya har idon sawu a rufe, hannu da safa, fuska da mask, ni da ɗan hijabina ƙarami nake sa mask ɗin a sama. Akwai Ba'amurkiya musulma Ibtihaj Muhammad da ta yi Olamfik na Rio a 2016 da hijabinta, kuma sabur take yi, ta samu tagulla tare da ƙungiyarsu. Ki nuna masa hotonta. Matsalar shigar ɗaya ce, zafi. A watan huɗu da na biyar in kin sa rigar ciki mai kare haƙarƙari, kin sa farar rigar, kin ɗora mai wayar lantarki a sama, ga mask, wallahi minti biyar zufa na zuba ta haɓa kamar an buɗe famfo, in kuma kuran ya ɗauke bantilate ya tsaya sai dai a cire a zauna. Ni lita biyu nake zuwa da ita kuma ba ta kai ni ƙarshe. Da azumi ma bayan tarawi muke komawa yi.

Alhaji Mai Kanti:
To kun ji, ga zafi ga tsada. Kayan nan a ina ake sayensu ma? Ni dai ban taɓa ganinsu a Babbar Kasuwa ba

Baban Nana:
Alhaji nan kam ka taɓa inda ke ciwo. Babu su a kasuwa, sai an yi saƙo wurin mai zuwa Faransa ko a yi oda a jira wata da watanni. Mask da riga na sal muke amfani da su muna karɓa-karɓa, in ka sa bayan wani sai ka ji shi jiƙe da zufarsa, ni safar hannu da takobi ɗaya kawai na mallaka. Watan jiya ƙarfen ya karye min wajen taƙi ɗaya daga baki, na ɗauka na kai kasuwar Katako wurin wani mai walda ya haɗa min shi tsaf har ya goge ba ka ganin wurin, na zo da shi ina murna. Metir ya karɓa ya shafa da yatsa sau ɗaya, fuskarsa ta canza, ya tara mu duka har yara ya ce kowa ya duba, ya ce ƙarfen da aka yi wa walda a wurin zai sake karyewa kuma in ya karye tsakiyar hari abin da ya rage a hannunka wuƙa ce mai tsini da gudunka a bayanta, rigar ba lallai ta tare ba. A gabanmu ya sa shi a ƙafa ya ƙarasa karya shi. Na ji zafin kuɗina ranar amma da na kalli yaran da nake karawa da su sai jikina ya yi sanyi. Sati uku ina aron na wani kafin nawa ya iso.

Tsohon Mushe:
Wannan metir naku ka riƙe shi da kyau ɗana. Mai koyarwa da zai karya kayan ɗalibi mai biyansa kuɗi a gaban jama'a don kare yara, ba kuɗinka yake so ba.

Infirmiye:
Ƙarin bayani kan gwiwa kawai. Ciwon gajiya na cinya da ke zuwa washegari ya tafi bayan kwana biyu ba komai ba ne. Amma in gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ka ji kamar za ta zame in kana sauka daga bene, kar ka shafa man zafi ka koma fili, ka je a duba ta. Kuma in ƙasan sal ɗinku siminti ne ka nemi takalmi mai taushin dunduniya, don a fant dunduniyar gaba ce ke fara dukan ƙasa da nauyinka duka

Baban Nana:
Siminti ne kuwa. Ba ta kumbura ba alhamdu lillahi, amma takalmin da nake sawa tsohon na ƙwallo ne ya riga ya cinye. Zan canza. Gobe Asabar ina da leson, zan je in faɗa wa metir maganar tazara da ta adda yadda kuka faɗa min, in na dawo zan ba ku labari.

Alhaji Mai Kanti:
Allah ya sa a dace. Ni dai har yanzu ina kan bakana na Nana, ka je da ita ko kallo ta yi

Baban Nana:
Jama'a na dawo. Da na faɗa masa bai ce komai ba, ya sa rigarsa ta fata da mask ya ce yau ba sara a kai. Ya karɓe takobina ya ajiye, ya miƙa min safar hannu kawai ya ce riƙe, in na yi gaba ka yi baya, in na yi baya ka biyo ni, kar tazarar ta canza. Minti goma muna haka daga wannan bango zuwa wancan, wani lokaci ya yi taki babba wani lokaci ƙarami, wani lokaci ya tsaya cak, kuma duk tsayawar da ya yi sai in ga na riga na faɗa cikinsa da taki guda don takuna manya ne ba na iya birki. Ya ce ka gani, yaron ba ya gudunka, jiranka yake. Sannan ya mayar min da takobin ya ce yanzu ka biyo ni da ƙananan taki, hannu a sake, kar ka yi fant sai ka ga ƙafata ta gaba ta tsaya. Sau shida na yi da wuri na sari iska. Na bakwai na daure na ƙara taki ɗaya ƙarami, na miƙa hannu, sai na ji ƙarfen ya sauka a mask ɗinsa da wata ƴar ƙara tas, ba ƙarfi ko kaɗan, kafaɗata ma ba ta san an yi ba. Ya ce wala, shi ke nan, sake. Muka yi ta har lokaci ya wuce bai duba agogo ba.

Na biya kuɗin wata mai zuwa kafin in fito. Auta na ji taka ma, na roƙi yaron nan ya riƙa ba ni karawa biyu ta tush biyar duk Alhamis ya ce to. Baba na ja layin gawayin, mita shida na samu tsakanin randa da ƙofar kicin. Alhaji na je da Nana, ta zauna kan benci ta riƙe min gorar ruwa, a hanya tana tambayata ko akwai mask daidai kanta.

Hajiya Lazare:
Maman Ilham babanta ya ga hoton ya ce mu je mu gani tukuna. Talata ƙarfe nawa kuke farawa?

Maman Ilham:
Biyar saura kwata Hajiya, ku zo da ruwa da takalmin gudu, sauran akwai a can. Zan turo miki kwatance ta ciki

Ɗan Ader:
Ni ma ƙarshen wata ina tahowa Yamai kai kaya. Baban Nana ka aje mini wuri bisa bencin ga, in ga saran da ba a yi da kahwaɗa